Ranar Da Birgediya Ya Ƙi Zama Saboda Babana

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban jin zai iya kwashe ranar da makarantarmu ta shirya karrama tsofaffin ɗalibanta da suka zama wani abu a duniya. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a kicin. Zan ba ku labarin yadda ya faru, har da wurin da ni kaina na tafka abin kunya.

A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga ta sama kafin ya samu magana. Ina sabuwar malama a wata ƙaramar sakandare da ke gefen gari. Firinsifal ɗinmu, wani mutumin wajen Argungu mai son a ce ya iya tsari, shi ya kawo shawarar a gayyato mutum uku da suka yi karatu a nan: wani likita, wata alƙaliya, da babban baƙo, wani Birgediya na soja. Da yake Allah ya hore mini murya, wadda na gada wurin babana, aka ce ni zan riƙe abin magana ranar taron.

To, babana. Tsohon saje ne, ya ƙare ƙuruciyarsa daga wannan bariki zuwa wancan, ya dawo ya yi gida a Rikoto yana noman dawa. Mutumin kirki ne, amma fa akwai shi da labari. In ya zauna gindin bishiyar da 'yan fansho ke dara, zai gaya maka yadda ya kama mesa da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. Zai gaya maka yadda wani kada ya ƙame ya sara masa irin ta soja a bakin kogi lokacin da suka je aiki ƙasar waje. A cikin irin waɗannan labaran nasa akwai guda da ya fi maimaitawa: wai shi ne hedboi, wato shugaban ɗalibai, a wannan makarantar da nake koyarwa. Wai saura zango ɗaya su yi jarrabawar fita mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu can wajen Wasagu, ya bar masa ƙanne, shi ya sa ya ajiye littafi ya shiga soja.

Ba takarda, ba hoto, ba shaida. Abokansa na dara sai suka mai da abin suna. Da ya ɓullo za ka ji, "Ga Hedboi nan, a gyara masa wuri!" sai su bushe da dariya. Ita kanta mamata cewa take, "Ni dai da kaki na gan ka, Saje, ban gan ka da littafi ba." Shi ma yakan yi dariyar tare da su, amma dariyar ba ta kai masa ciki.

Ana saura mako guda taro, ina tsince wake a tsakar gida, ya zo ya tsaya a kaina yana ta gyaran murya.

"Malama," ya ce, don haka yake kirana tun da na kama aiki, "ni ba lamba nake so ba. Ban gama ba, na sani. Ki dai sa a faɗi sunana cikin waɗanda suka taɓa riƙe ɗalibai. Sau ɗaya kawai, a lasifika, yadda mutanen gindin bishiyar nan za su ji."

Na ce masa to. Washegari na leƙa ɗakin ajiya neman tsofaffin rajistoci, na tarar gara ta gama da su tun tuni, sai ƙasa da bangon littafi. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau ita ce daɗi na ji. A raina na riga na ajiye maganar hedboi a kwando ɗaya da kadan da ya sara masa. Ina tsoron in kai sunansa gaban kwamiti a yi mini dariya. Na koma gida na ce masa an riga an buga takardar tsarin taro, ba a iya ƙara kowa. Ko katin gayyata ban kai masa ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Ranar taro babban ɗakin makaranta ya cika maƙil. An jera kujerun roba, an ɗaura labule a bango don a rufe inda ya tsage, 'yan badujalar makaranta sun sha guga. Ina kan dandamali ina gwada abin magana, na ɗaga ido na dubi jama'a. Can baya, daf da ƙofa, ga babana tsaye cikin kayan 'yan mazan jiya, lambobinsa na ƙirji sun sha goga da toka da lemun tsami sai walƙiya suke. Lema a hannu, ga wata baƙar leda da ya sa gorar ruwa a ciki. Mamata na gefensa da ɗaurin zuwa coci. A bayansu kuma 'yan dara ne su huɗu, sun biyo shi don kada a ba su labari.

Likita ya iso, alƙaliya ta iso, shugaban ƙaramar hukuma ya iso da babbar rigarsa da tumbinsa. Can sai ga jiniya. 'Yan badujala suka saki ganga, kowa ya miƙe tsaye. Birgediya ya shigo cikin kaki, anini reras a kafaɗa, matarsa a gefe, sojoji biyu a baya. Taku uku ya yi a cikin ɗakin, babana ya buga ƙafa a ƙasa har sai da tagogi suka amsa, ya ƙame ya sara.

Birgediya ya juyo zai amsa kamar yadda aka saba. Hannunsa ya kai rabin hanya ya tsaya. Ya ƙura wa babana ido, ya ƙara matsowa. Sai kawai muka ga babban hafsa ya mayar da hannayensa biyu baya, ya haɗa ƙafa, ya sunkuyar da kai.

"Siniya," ya ce.

"Yallaɓai!" in ji babana, hannu na nan a goshi.

"Siniya, ni ne fa. Ɗan aji ɗayan nan mai ɗaukar maka bokiti."

"Na gane ka, yallaɓai!"

Mai ganga ya daina kiɗa da kansa. Ni kuwa a kan dandamali bakina a buɗe, abin magana a kunne, ɗakin duka ana jin numfashina. 'Yan dara suka dubi juna, babu wanda ya yi dariya a cikinsu.

Sai daga baya na fahimci inda matsalar take. A zamaninsu makarantar kwana ce, kuma dokar siniya da juniya ta fi ta firinsifal ƙarfi: ƙarami ba ya zama babba na tsaye, ba ya shiga gabansa a hanya, ba ya barinsa da kaya a hannu. A soja kuma kowa ya sani, saje ba ya zama hafsa na tsaye, ba ya wuce gabansa, ba ya ba shi umarni. To ga mutum biyu, kowanne ya rantse a ransa shi ne ƙarami, kuma duka biyun mutanen ƙasarmu ne, waɗanda in suka kafe a kan abu sai dai a kira Allah.

Birgediya ya ce lallai sai Siniya ya hau babban tebur. Babana ya ce umarni ne, ya karɓa. Sai wa zai shiga gaba?

"Bismilla, Siniya."

"Bayanka nake, yallaɓai."

"Haba Siniya, ni in wuce gabanka?"

"Ni ma ban isa ba, yallaɓai."

Hanyar tsakanin kujeru kuwa ta mutum ɗaya ce. Ƙarshenta a karkace suka taho, suna fuskantar juna, kafaɗa daidai da kafaɗa, suna jan ƙafa gefe-gefe kamar ƙaguwa, tumbin Birgediya na gogar lambobin babana. In ɗaya ya ga ya ɗan wuce da taku guda sai ya ja da baya. Ɗalibai suka fara toshe baki da hula. Tafiyar da ba ta kai ta minti ɗaya ba sai da ta ci kusan goma.

Da aka iso tebur aka ƙaro kujera, aka ajiye su gefe da gefe. Nan fa aka yi ta ta ƙare. Wannan ya tsaya bayan tasa, wancan ya tsaya bayan tasa. Na ce a lasifika, "Jama'a a zauna." Ko mutum ɗaya bai motsa ba, don wa zai zauna babban baƙo na tsaye? Liman da fasto, waɗanda za su buɗe taro da addu'a, suna tsaye suna kallon rufi. Shugaban ƙaramar hukuma gumi ya karyo masa, yana fifita da takardar tsarin taro, yana satar kallon kujerarsa.

Mamata ce ta gaji. Ta ratso mutane ta zo gaban tebur ta riƙe ƙugu.

"Ku ji nan, ku biyun. Mutane sun bar gonakinsu sun zo. Zan ƙirga uku, ku zauna tare, babu na farko babu na ƙarshe. Yallaɓai ka yarda?"

"Na yarda, Mama."

"Saje?"

"In yallaɓai ya yarda."

"Ɗaya. Biyu. Uku!"

Suka lanƙwasa gwiwa tare, ɗakin duka aka fara sauka ana ajiyar zuciya. Ashe kowannensu da dabararsa a ciki: zai yi kamar ya zauna, ya bar ɗan'uwansa ya riga shi taɓa kujera. Sai ga su duka biyun sun tsaya a iska, mazaunai saura tazarar yatsa huɗu su kai, kowa na leƙen kujerar ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Gwiwoyi suka kama rawa. Jama'a ma da suka ga haka sai suka maƙale a rabin hanya, ɗaki guda a tsugune ba a zaune ba. Likita ya ce a hankali, "Ranku ya daɗe, gwiwar da ta haura hamsin ba a yi mata haka." Shugaban ƙaramar hukuma ne ya fara faɗuwa, kujerar roba ta baje da shi. Su biyun suka miƙe tsaf, aka koma inda aka fara. Mamata ta ce, "Allah ya shirye ku," ta koma wurinta.

A nan ne firinsifal ya matso kusa da ni, fuska a murtuke, yana magana ta cikin haƙora.

"Malama, wanga tsoho naki na?"

Na ce, "Babana ne, yallaɓai."

"Sunanai na cikin takarda?"

"Babu."

"To ki hidda shi waje, kahin ya kashe muna taro. Yanzu-yanzu."

Da ina da hankalin da nake da shi yau, da na ɗaga abin maganar nan na faɗi sunan babana da ƙarfi, tunda ga shaida tsaye a gabana da anini a kafaɗa. Amma ina yarinya, aikin sabo, tsoron firinsifal ya fi ƙarfina. Na ajiye abin magana na zagaya bayan babana, na raɗa masa da yarenmu don kada kowa ya ji: "Baba, don Allah ka fita. Kana ba ni kunya." Na manta shaf cewa Birgediyan da ke tsaye kusa da shi da wannan yaren aka yi goyonsa.

Babana ya juyo ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sara wa Birgediya, ya juya irin juyin fareti, ya sauka daga dandamali ya nufi ƙofa, hagu dama, hagu dama, ya manta da lemarsa da ledarsa a kan tebur.

Birgediya ya sure lema, ya sure leda, ya bi bayansa. Sojojinsa biyu suka bi shi, don ba sa barin maigidansu. Matarsa ta bi su tana "Ina kuma za ka?" 'Yan badujala suka ga babban baƙo na tafiya, suka ɗauka wani sashe ne na tsarin taro, suka saki ganga suka bi sahu. Likita da alƙaliya suka dubi juna suka tashi. Liman, fasto, iyaye, ɗalibai, kowa ya ɗunguma. Kafin in farga ɗakin ya rage daga ni sai firinsifal sai shugaban ƙaramar hukuma da ake ƙoƙarin zare wa kujera daga jiki.

Na fito da gudu. Babana ya doshi inda ya jingine babur ɗinsa, ta tsakiyar filin da ake taron safe, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Birgediya na biye da shi da leda a hannu, ba damar ya sha gabansa, sai kira yake daga baya, "Siniya! Siniya, don Allah!" Babana ya tsaya, ya juyo, ya sake ƙamewa ya sara.

Birgediya ya yi tsaki. Ya cire hularsa ya miƙa wa sojansa. Ya kwance bel. Ya ɓalle maɓallan rigar kakin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe ta da aninanta duka ya miƙa. Ya rage daga shi sai farar singileti, ita ma da 'yar huda a wajen cibiya. Matarsa ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Na ce ka canza ta, na ce ka canza ta!"

"Siniya," ya ce, "ga Birgediya can a hannun yaron nan. In sara kake so, je ka sara wa riga. Ni nan ɗan aji ɗaya ne."

Babana ya dubi rigar, ya dubi mai singileti. A hankali ya sauke hannunsa. Sai na ga ƙirjinsa ya buɗe, ya ja numfashi, ya saki wata murya da ban taɓa jin ta a gida ba.

"Kai ɗan aji ɗaya! Wa ya ce ka tsaya mini a ka? Zauna!"

Daɓas, Birgediya ya zauna a ƙasa cikin ƙura ya naɗe ƙafa. Abin mamaki, likita ma ya zauna, alƙaliya ta tattare zaninta ta zauna, ashe su ma ya riƙe su, muryar ce ta tuna musu. Ganin haka filin duka aka zube ƙasa. Babana ya bi layin gaba hannu a baya, ya ce a miƙo farce. Manyan mutanen da muka yi wata biyu muna shirin tarba suka miƙa yatsu yana dubawa. Ya ce wa likita, "Kai har yanzu kana cin farce?" Dariyar da aka yi a filin nan na tabbata an ji ta har kasuwa. Sannan babana ya samu wani dutse ya zauna.

A nan ƙasa aka yi taron. Aka jawo lasifika ta taga, liman da fasto suka yi addu'a, aka miƙa wa kowane baƙo lambar yabonsa yana zaune. Da aka zo kan Birgediya, ya karɓi abin magana bai tashi ba. Ya ce a zangonsa na farko sau uku yana gudu daga makaranta ya koma ƙauye, saboda kewar gida da yunwa. Sau ukun nan hedboi ne ke aron keke ya bi shi, ya ɗauko shi a baya ya dawo da shi. A na ukun ya ce masa daga yau kai ne mai ɗaukar mini bokiti, ba don yana buƙata ba, sai don kullum ya riƙa ganinsa safe da yamma. Ya ce, "Wata rana muka wayi gari babu shi, ba wanda ya gaya mana dalili. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Amma ban ƙara gudu ba, don ina tsoron ya dawo ya tarar ba na nan."

Birgediya ya ɗauki takardar tsarin taro ya juya ta gaba da baya, sannan ya dubi firinsifal.

"Ina sunan Siniya a nan?"

Firinsifal ya juyo ya dube ni. Birgediya ma ya dube ni, kuma na san ya ji abin da na raɗa a kan dandamali. Wayyo, na so ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, sai muryar babana ta riga ni.

"Ni na hana. Malama ta so ta sa, na ce mata wanda bai gama ba ba ya shiga layin waɗanda suka gama."

Ya faɗa ko ƙifta ido bai yi ba. Birgediya ya gane, amma juniya ba ya musu da siniya. Sai ya miƙo mini abin magana ya ce, "To yanzu ki faɗa." Na faɗi sunan babana cikakke, na ce tsohon shugaban ɗaliban wannan makaranta, hawaye na zuba. 'Yan badujala suka saki ganga. 'Yan dara su huɗu suka miƙe daga cikin jama'a suka ƙame suka sara masa, wannan karon ba da wasa ba.

Da la'asar na koma gida na same shi a tsakar gida, ya jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi, mamata na shafa masa man zafi a gwiwa tana mita. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Malama, za ki ɓata zaninki. Ai ya wuce." Ya dubi ruwan. "Abu ɗaya ne dai. Ranar da na roƙe ki, da kin ce, Baba, wa zai shaide ka, da na ba ki sunan mutum goma. Har shi wannan mai singiletin yana ciki. Ba ki tambaya ba."

Gaskiya ne, ban tambaya ba. Na rubuta wasiƙu har Legas da Kaduna ina neman mutanen da suka isa a karrama, na kwana ina haddace tarihinsu, amma mutumin da nake gaisarwa kowace safiya ban taɓa zama na yi masa tambaya guda a kan rayuwarsa ba. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: in tsoho na gida ya faɗi abin da ya taɓa zama, ko da ka saba jin yana ƙara gishiri, ka zauna ka ce masa, "To sai aka yi yaya?" Ni Allah ya taimake ni shaida ta zo da ƙafarta har ta tuɓe riga a gaban jama'a. Ba kowane tsoho ne Birgediya zai zo ya shaida ba.